Daga tabkunan Damagaram zuwa ƙarƙashin Bahar Maliya: ina sabon mai nutso zai fara?

Kakannin mutanen Damagaram sun yi shekaru suna ratsa Bahar Maliya a kan hanyarsu ta zuwa Makka, ba tare da sun san abin da ke kwance ƙarƙashin jirginsu ba. Yau jikokinsu, ƴan kasuwa da ma'aikata, suna iya ɗaura tulun iska a baya su sauka su gani da idonsu. Sai dai ba kowane wuri ne ya dace da wanda ya karɓi takardar shaidarsa jiya-jiya ba.

Duk wanda ya kwana biyu a Damagaram ya san cewa babu zancen da ya kai na ruwa tsawo a garin. Birni yana zaune bisa manyan duwatsu, kuma dutse ba ya riƙe ruwa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai a shekarar 1926, bayan garin ya riƙe wannan matsayi tun 1911. Daga baya aka jawo ruwa daga Gogo da Machaya, aka ƙara da Arunguza, aka ƙara da Ganaram, amma har yanzu ɗan garuwa bai rasa aiki ba a Birni da Zango da Sabon Gari. Saboda haka in aka ce za a yi wa mutumin Damagaram bayanin wasan shiga ƙarƙashin teku, yana da hakkin ya yi murmushi.

Duk da haka garin bai rasa masu iyo ba. Da damina ta sauka, tabkunan da ke cikin unguwanni sukan cika, yara su tuɓe su faɗa, su koyi ninƙaya ba malami ba makaranta, wani lokacin kuma a wayi gari da labarin yaron da ya shiga bai fito ba. Gabas da gari, bisa hanyar Gure, akwai tabkin Gidimuni da dabinonsa da lambunansa, wanda aka saka cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a shekarar 2019. Akwai masu yasar rijiya, waɗanda ke sauka da igiya cikin duhu. Can kudu maso yamma kuma, a Argungu ta Nijeriya, masunta suna gasar nutso a gulbin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi. Dukan waɗannan gwanaye hanyarsu ɗaya ce: su cika ƙirji da iska, su riƙe numfashi, su nutsa. A lura da wannan, domin za a komo gare shi. Abin da ke ceton mai nutson tabki shi ne abin da ke kashe mai nutso da tulun iska.

Tsohuwar hanyar gabas

Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci daga ƙasar Damagaram yakan kama hanyar gabas: Borno, tabkin Cadi, Wadai, Darfur, Kurdufan, har bakin kogin Nilu. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu sukan tsaya noman auduga a Jazira don neman guzuri, wasu su yi aure, wasu su zauna ke nan. Su ne ake kira Takari, kuma har yau ana jin Hausa a garuruwan Sudan da yawa, musamman Mai Wurno, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Ƙarshen hanyar ƙasa shi ne Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa, wadda aka gina gidajenta da dutsen murjani. Daga nan sai a shiga jirgi zuwa Jidda. Da Ingilishi suka kafa Bur Sudan a 1905, sai Sawakin ta fara mutuwa, gidajenta suka riƙa zubewa.

Wannan murjani da aka yi gini da shi dangin wanda mata ke ratayawa a wuya ne. Ba dutse ba ne tun asali. Wasu ƙananan halittu ne masu rai suke gina shi a hankali, shekara bisa shekara, har ya zama ganuwa a ƙarƙashin ruwa mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Bahar Maliya ta yi suna da shi saboda wani dalili da mutumin Sahel zai gane nan take: hamada ce ta kewaye ta gabas da yamma, babu wani babban kogi da ke zuba mata laka. Shi ya sa ruwanta garai yake, mutum yana hango abu a nisan mita 20 zuwa 30. Ruwan kuma da ɗumi, daga awo 21 da sanyi zuwa wajen 30 da zafi. Gishirinta ya fi na sauran tekuna, kusan giram 40 a cikin lita, abin da ke sa jiki ya riƙa tasowa sama, dole a ƙara wa mai nutso darma a ɗamararsa. Kifayenta sun haura iri 1,000.

A nan ne Bafaranshen nan Jacques-Yves Cousteau ya yi ayyukan da suka fitar da sunansa. Shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a cikin ruwa a shekarar 1943, wadda ita ce uwar duk waɗanda ake amfani da su yanzu. A 1963 ya kafa wani ɗan ƙauye na ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, a Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, inda mutanensa suka zauna wata guda cur a zurfin mita 10. Ragowar ginin tana nan, murjani ya lulluɓe ta.

Abin da takardar ta halatta

Takardar shaidar farko, ko ta ƙungiyar PADI ta Amurka ce, ko ta CMAS wadda aka kafa a Monako a 1959, ana samun ta cikin kwana huɗu ko biyar. Kafin a ba da ta PADI, sai mutum ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna bisa ruwa minti 10, sannan ya yi nutso huɗu a teku tare da malami. Iyakar zurfin da ta halatta mita 18 ne; ta CMAS mita 20. Ma'aikacin da ya saba da cewa difloma ita ce ƙarshen karatu, to, a nan abin ya sha bamban. Wannan takarda tamkar lasisin tuƙi ce a hannun wanda bai taɓa hawa hanyar Tanut da dare ba.

Dalilin iyakar kuwa shi ne nauyin ruwa. Kowane mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya gaba ɗaya. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Kunne ne ke fara ba da labari, shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya toshe hanci ya hura a hankali tun kafin zafi ya zo, kuma mai mura ba ya shiga ruwa. Amma babban haɗari yana wajen hawowa. Iskar da aka shaƙa daga tulu a zurfin mita 10, in aka hau da ita sama, girmanta yakan ninka biyu. Idan mutum ya riƙe numfashi kamar yadda ya saba a tabkin unguwarsu, huhu na iya fashewa kamar salkar da aka cika fiye da kima, kuma wannan yana iya faruwa ko a ruwan da bai kai mita 5 ba. Ƙa'ida ta farko ke nan: numfashi ba ya tsayawa, ko da daƙiƙa ɗaya. Gwanin iyon Gidimuni ya fi wanda bai taɓa nutso ba buƙatar a maimaita masa wannan, don shi jikinsa ya riga ya koyi akasin haka.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyewa. Yawancin iskar da ake shaƙa azot ce, wadda wasu ke kira naitrojin, kuma a ƙarƙashin matsi takan narke cikin jini. In aka hau da sauri sai ta yi kumfa a cikin jijiyoyi da gaɓoɓi, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Abin yakan fara da ciwon gaɓa da kasala, yakan kai ga shanyewar jiki. Don haka ake hawowa sannu-sannu, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5, a kuma fito da saura a tulu: an shiga da awo 200, a fito da 50. Ba a nutso mutum ɗaya, sai da aboki.

Akwai kuma maganar da ya kamata a yi da likita tun a gida, kafin a kashe kuɗin tikiti. Mai asma, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai hawan jini ko ciwon suga da ba a shawo kansu ba, duk sai likita ya duba su. Mai cutar amosanin jini, wato sikila, wadda ta yawaita a ƙasar Hausa, wannan wasa ba nasa ba ne sam. Takardar tambayoyin lafiya da ake ba mutum ya cika a bakin teku, babu mai bincika gaskiyar amsarsa, kuma wanda ya ɓoye ciwo don kada kuɗinsa su tafi banza, kansa ya cuta.

Wuraren da suka dace da baƙo

Manyan jiragen yawon shaƙatawa, waɗanda suke kamar otal mai tafiya bisa ruwa, sukan tsaya a Jidda, da Safaga da Sharm el-Shek a ƙasar Masar, da Akaba a ƙasar Jodan. A 2021 jirgin MSC Bellissima ya fara tashi daga Jidda, sannan a watan Disamba na 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya. Sai dai tun daga watan Nuwamba na 2023, da ƴan Huti na Yaman suka fara kai hari kan jiragen kasuwanci a kudancin tekun, kamfanoni da yawa suka canza hanya. Kada mutum ya dogara da jadawalin bara.

A cikin waɗannan tashoshi, Akaba ce ta fi tausaya wa sabon shiga. Murjaninta yana farawa ne daga bakin gaɓa, ba sai an shiga kwalekwale ba: mutum ya saka kayansa, ya taka da ƙafa, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, sannan ya kwanta. Ruwan ba ya cika ja. A wurin da ake kira Lambun Japan, kifaye ƙanana masu ruwan lemo sukan taso kamar fara a bisa murjani, a zurfin da bai wuce ikon takardar farko ba. Kusa da nan akwai wata tsohuwar tankar yaƙi da aka nutsar da gangan a 1999, tana zaune bisa rairayi a zurfin wajen mita 6, kifaye sun mai da ita gida. A nan mutum zai iya shafe kusan awa guda yana koyon abin da ya fi kome wuya a wannan sana'a, wato tsayawa a tsakiyar ruwa, ba ya nutsewa ba ya tasowa, ba ya kuma harbin murjani da ƙafa. Akwai kuma jirgin Cedar Pride da aka nutsar a 1985. Ƙasansa ya wuce mita 25, saboda haka sabon mai nutso ya kalle shi daga sama, kada ya bi tsofaffin hannu zuwa gindinsa.

A ɓangaren Masar, daga Safaga ana iya zuwa Hurgada cikin mota a ƙasa da awa ɗaya. Tsibiran Giftun da ke gabanta suna da wurare masu shimfiɗaɗɗen rairayi a zurfin mita 10 zuwa 15, inda in mutum ya rikice yana da ƙasan da zai durƙusa ya huta. A Sha'ab el-Erg akan yi sa'a a gamu da garken dolfin. Can kudu, wajen Marsa Alam, akwai lungun Abu Dabbab, mai ciyawa a ƙarƙashin ruwa, inda manyan kififiyu ke kiwo ba ruwansu da mutane. A nan ne kuma akan ga wata dabba da mutumin bakin Kwara zai rantse ya san ta, domin ƴar uwar ayu ce, sai dai wutsiyarta a rabe take kamar ta kifi. Ba kullum take fitowa ba, kuma mai kwalekwalen da ya yi alkawarin nuna ta, ciniki yake nema.

Sharm el-Shek tana da fuska biyu. Lungun Na'ama kwance yake, a nan ake koyar da ɗalibai. Amma kowa Ras Muhammad yake son zuwa, gandun da Masar ta keɓe tun 1983, inda ganuwar murjani ke gangarawa tsaye zuwa zurfin ɗaruruwan mita, ruwa kuma yana ja da ƙarfi. A can ne jirgin Yolanda ya yi karo a 1980, kayan da ya ɗauko suka watse: tukwanen ban-ɗaki ne da bahon wanka, suna nan jere a ƙarƙashin teku, abin da zai sa duk ɗan kasuwar da kayansa suka taɓa maƙalewa a Kwatano ya ji tausayin mai su. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma a bari sai an tara nutso ashirin ko talatin a littafi.

Sunaye biyu kuma a ji su a wuce. Na farko Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamusawa suka nutsar a 1941, da babura da motoci a cikinsa. Yana kwance a wajen mita 30. Na biyu shi ne Shuɗin Rami na Dahab, rijiya ce a cikin teku mai zurfin fiye da mita 100, da wata ƙofa a wajen mita 55 wadda ta ci rayukan mutane da yawa, har an lilliƙa allunan sunayensu a jikin dutsen bakin gaɓa. Akasarinsu ba jahilai ba ne, mutane ne da suka ɗauka sun iya. Iya ruwa fid da kai, in ji masu iya magana.

Sudan kuwa, inda tsohuwar hanyar alhazai ta ƙare, ita ce ta fi kowa murjani mai lafiya. Sanganeb, mai hasumiyar fitila a tsakiyar teku, ta shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2016. Dab da Bur Sudan akwai Umbria, jirgin Italiya da matuƙansa suka nutsar da hannunsu a watan Yuni na 1940 don kada Ingilishi su kama shi da dubban bama-baman da ya ɗauko. Gefensa na sama yana kusa da fuskar ruwa. Amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya tsai da wannan harka, har jirage marasa matuƙi suka kai hari Bur Sudan a watan Mayu na 2025. Wanda ke da dangi a can, ya tambayi lafiyarsu tukun.

Cinikin bakin tasha

Mai tafiya a babban jirgi yana da matsala ɗaya: lokaci. Jirgi yakan tsaya da safe ya tashi da maraice, kuma ba ya jiran kowa, sai fa wanda ya fita ta hannun kamfanin jirgin. Wanda ya yi cinikinsa da kansa a bakin tasha zai samu rahusa, amma in ya makara, sai ya bi jirgin da kuɗin aljihunsa. Kuma gaggawa ita ce babbar abokiyar gabar mai nutso. Farashi da yuro ko dala ake faɗinsa, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, saboda haka rangwamen yuro 15 bai kai jika goma ba. Bai kamata a sayar da numfashi a kan wannan kuɗi ba.

Ɗan kasuwar Damagaram ya san yadda ake duba haja, to, ya duba wannan ma. Ya tambaya: mutum nawa ke bin jagora ɗaya? Akwai tulun iskar oksijin na gaggawa a cikin kwalekwalen? Zurfin wurin nawa ne, akwai ƙasa ko kuwa ganuwa ce? Ya faɗi gaskiyar yawan nutsonsa, ko da huɗu ne kacal, ba abin kunya ba ne. In an yi watanni ba a shiga ruwa ba, a nemi bita a wuri maras zurfi. Ya tabbata inshorarsa ta ƙunshi nutso, domin da yawa ba su ƙunsa ba. Ƙananan jiragen da masu nutso ke kwana a cikinsu mako guda ma sai an zaɓa: a watan Nuwamba na 2024 ɗaya daga cikinsu ya kife kusa da Marsa Alam, aka rasa rayuka. A ƙarƙashin ruwa kuma hannu ya zauna a ƙirji. Akwai murjani mai ƙuna kamar wuta, akwai kifi mai kama da dutse wanda dafinsa ya fi na kunama nesa ba kusa ba, kuma reshen da ƙafa ta karya cikin daƙiƙa, shekaru ya yi yana girma. A sha ruwa da yawa, domin ƙishirwa tana ƙara haɗarin kumfar jini; mai azumi ya jinkirta.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar mutumin da gidansa ke nesa da teku. Bayan nutso ɗaya ba a shiga jirgin sama sai an yi awa 12. Bayan nutso da yawa, ko na kwanaki a jere, sai an yi awa 18 ko fiye. A sama matsin iska yana raguwa, azot ɗin da ya saura a jini sai ya tashi. Maganin wannan ciwo shi ne ɗakin ƙarfe na matsin iska, irin wanda ake samu a Sharm el-Shek da Hurgada, kuma wanda ciwon ya kama bayan ya sauka Yamai, balle ya kama hanyar kusan kilomita 900 zuwa Damagaram, ya yi nisa da magani. Don haka ranar ƙarshe ta tafiya ranar tudu ce.

Wanda jirginsa ya ƙare a Jidda ba zai rasa abin yi da wannan rana ba. Arewa da gari akwai Obhur, inda masu nutso na Jidda ke koyo, amma ranar ƙarshe ba ta Obhur ba ce, ta Balad ce, tsohon gari, wanda UNESCO ta amince da shi a 2014. A nan alhazan da suka tsallako daga Sawakin suke sauka kafin su wuce Makka. Gidajen dogaye ne, masu tagogin katako, kuma in aka matsa kusa da bangon da shafensa ya ɓare, za a ga ƙananan ramuka da zane-zane kamar saƙar zuma a jikin tubalin. Murjani ne, irin wanda aka gani jiya da rai a zurfin mita 12, an sassaƙo shi daga teku aka yi ɗaki da shi.